Bututu Goma a Hanyar Kolokondé

Washegarin kasuwar Kolokondé aka ga ramin. Mata masu zuwa itace ne suka fara cin karo da shi a gefen hanya, kusa da wata tsohuwar ɗorawa. An tone layin ruwan da mutane suka shekara biyu suna jira, rami ya miƙe ya yi taku saba'in, babu komai a cikinsa. Kafin azahar labari ya kai Djougou cewa ɓarayi sun kwashe bututu goma. Kafin la'asar an kama mai gadin layin, Abdoul Karim, an jefa shi bayan mota da rigar aikinsa a jiki.

Daga nan kowa ya zama mai bincike. A teburin mai shayi aka ce Fulani ne, don an ga sawun amalanken shanu. 'Yan zemijan, masu haya da babur, suka ce Hajiya Azumi ce, mai rijiyar burtsatse, wadda cinikinta zai mutu ranar da fanfo ya kawo ruwa. Mutanen da jiya suke gaishe da Abdoul Karim da hannu biyu suka tuna cewa su dama idonsa bai taɓa yi musu ba.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Wani bankin gwamnatin wata ƙasa ta hayin teku ne ya ba da rance, a ja ruwa kilomita goma sha takwas daga babban tanki a bayan Djougou zuwa ƙauyukan Kolokondé. Bashin shekara talatin ne, watau wanda yake goye yau shi zai ƙarasa biya. Bankin ba ya sakin kuɗi gaba ɗaya. Duk kilomitar da aka gama sai a aika masa hoto da takarda mai sa hannu, shi kuma ya saki na gaba. Wanda ya samu kwangilar shi ne Alhaji Muhammad Amin na Parakou, kuma ranar Alhamis ɗin nan ce wakilan bankin za su zo a saki ruwa a layin, a gwada. Yanzu da layi ya yanke babu zancen gwaji. Abdoul Karim kuwa ranar Juma'a za a kai shi gaban alƙali.

*

Yayarsa Rabiatou, mai sayar da goro a kasuwar Djougou, ita ta je ta samu Hachimou a ƙofar gidansa yana gyaran takalmi.

Hachimou ya shekara talatin yana bin sawun shanun sata. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana da yawan tsaki, bai ɗauki mai takalmi sau-ciki a bakin komai ba. A ganinsa duk wanda ba ya kallon ƙasa in yana tafiya bai san inda ya dosa ba, kuma yawancin mutane haka suke.

Da ta roƙe shi ya bi sawun bututun, ya ce mata shi shanu ya sani, ƙarfe ba ya kashi a hanya. Rabiatou ba ta yi gardama ba. Ta zauna a kan tabarma ta gaya masa yadda ƙaninta ya samu aikin. Kakansu da kakan Alhaji tare suka yi fataucin goro, ayari ɗaya, tukunya ɗaya. Da Abdoul Karim ya karye a kasuwa, Alhaji da kansa ya aiko aka kira shi, ya ba shi keke da riga da takalmin kamfani, ya ce layin nan amana ne. Wata goma sha huɗu ke nan yana zagaye.

"Malam Hachimou, ƙanena ba shi da wayo, wannan na yarda. Amma ko goro ɗaya bai taɓa ɗauka a faifaina ba sai ya tambaya. In suka kai shi gidan yari ba zai fito da rai ba, kunya za ta kashe shi."

Hachimou ya ja tsaki, ya sa takalminsa.

*

An yi ruwan farko kwana huɗu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, duk abin da ya taka ta ya bar shaida. Hachimou ya iske 'yan kallo sun tattake rabin wurin, wani ɗan sanda yana zaune a inuwa yana latsa waya. Bai gaishe da kowa ba.

Sawun takalmin da aka kama Abdoul Karim da shi yana nan, irin na kamfani mai zane a tafi. Sai dai an share shi da reshen kashu, sharar wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ba. Hachimou ya ƙirga ƙafa ta kai ashirin, manya da ƙanana, duk takalmi iri ɗaya. Ɓarayin da suka yi anko, abin ya ba shi dariya. Kuma Abdoul Karim yana jan ƙafar hagu tun yana yaro, a nan kuwa babu mai ɗingishi ko ɗaya.

Ya duba sawun amalanke. Ya shigo daga gabas, ya juya, ya koma. Hachimou ya tsuguna ya sa yatsa a sawun zuwa, ya sa a na komawa. Zurfi ɗaya. Bututun nan kowanne ya fi ƙaton sa nauyi, sai da ƙugiyar mota ake ɗaga shi, amma wai amalanke ya ɗauki goma bai ko nutse ba.

Sannan ya sauka cikin ramin. A kowane ƙarshe bakin bututu ya leƙo daga ƙasa, baƙi, mai faɗi, yadda kowa zai ga inda layin ya ci gaba. Ya tsaya a na ɓangaren Djougou ya daɗe yana kallo, ba don wani dalili ba, sai don haka ya saba da duk dabbar da ya gani. Leɓen bakin ya ɓalle a gefe ɗaya, yanka biyu a jere, irin wanda makiyayi yake yi wa kunnen saniya. Ƙasa da shi akwai doguwar ƙujewar sarƙa. An rubuta lamba da farin fenti a jikinsa. Hachimou bai iya karanta boko sosai ba, don haka bai wahalar da kansa da lambar ba.

*

Sawun amalanken ya kai shi wata ruga bayan gonakin doya. Mai shi dattijo ne, ya ga Hachimou ya gane shi, jikinsa ya yi sanyi, don zuwan Hachimou ruga ba ya zama alheri. Da ya ji ba zancen shanu ba ne sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ranar kasuwa da hantsi wani matashi mai gilashi a farar mota ya ba shi jaka biyar, ya ce ya kai amalankensa gindin ɗorawa ya dawo, wai ana son a gani ko hanyar tana biyuwa. Ya je wayam, ya dawo wayam. Ya ga mutane da shebur suna haƙa da rana tsaka, baƙi ne, ba sa jin yaren kowa a nan. Ya zaci aiki ne. Babu wanda ya tambaye shi komai sai yau.

Hachimou ya tambaye shi ko ya ga an fitar da bututu daga ramin. Dattijon ya ce a'a, ƙasa kawai ya ga ana fitarwa.

Daga nan sai wurin Hajiya Azumi. Ya same ta a kujerar roba gaban famfunanta, mata sun yi layi da jarkoki har bakin titi. Ta riga ta ji abin da ake faɗa a kanta, kuma bai hana ta cin gyaɗa ba.

"Ni zan saci bututu? Malam, ni ko barci ban taɓa rasawa a kan layin nan ba. Bara ma tanki na biyu na ƙara."

Ya tambaye ta me ya ba ta wannan kwanciyar hankali. Ta ce ita mai ruwa ce, ta san mai aikin ruwa in ta gan shi. Mutanen Alhaji suna kewaye inda suke aiki da kwano, ba a shiga, ba sa ɗaukar ɗan gari ko na dako. Ruwa kuma ba sa saya sai na sha. Amma duk wata guda ko makamancin haka sai su aiko a cika musu tanki ɗaya, ranar da mai hoto zai zo. Direbanta ya taɓa leƙawa ya ga abin da ake yi da shi.

"Bututun suke wankewa. Sabon abu daga jirgi, wai, amma jar ƙasa har cikin cikinsa. Ni dai ciniki na sani, ban tambaya ba."

Hachimou ya kalle ta, ya kalli layin matan da ke tsaye a rana. Ta san wannan tun bara, ta ƙara tanki ta yi shiru. Ya raina ta ƙwarai, amma ya yi mata godiya.

*

Da yamma aka bar shi ya ga Abdoul Karim ta tagar ƙarfe. Mutumin ya rame a kwana biyu. Ya ce shi ba a taɓa sa shi gadin inda ake aiki ba, sai inda aka gama aka rufe. Ranar kasuwa kuma injiniya Adnan, ɗan ƙanen Alhaji, shi ya aike shi Djougou karɓo sabuwar riga, aka zaunar da shi har magariba. Hachimou ya tambaya ko Adnan yana sa gilashi. Ya ce yana sawa.

Sai ya matso jikin tagar ya rage murya. Ba kansa yake roƙa wa ba. So yake a gaya wa Alhaji ya yafe masa, ya ba shi amana ya yi sakaci.

Hachimou ya ji tausayi, ya ji haushi. Ya ce zai isar.

*

Ranar Laraba ya hau motar Parakou. Ofishin Alhaji yana unguwar Albarika, bene mai gilashi, da maigadi mai hula. Aka ce ya jira. Alhaji yana ciki, ana jin dariyarsa, amma mutum mai ƙura a ƙafa dole ya san matsayinsa tukuna. Awa uku aka bar shi a kan benci.

Ba su san alherin da suka yi masa ba. A bangon ɗakin jiran an jera hotuna goma sha takwas cikin firam, ɗaya na kowace kilomita. A kowanne ga rami, ga bututu sun miƙe suna sheƙi har inda ido ya tsaya, ga Alhaji da hular kwano fara a kan babbar riga, yana nuna wani abu da yatsa kamar shi ya haƙa. Hachimou ba shi da abin yi, ya tashi yana kallo. Fuskar Alhaji ta ishe shi tun a hoto na biyu, sai ya koma kallon bututun.

A hoto na uku ya tsaya. Bututu na biyu daga gaba, leɓensa ya ɓalle, yanka biyu a jere, ƙujewar sarƙa a ƙasa. Ya matsa gaba. A na biyar ga shi nan, an juya shi kaɗan. A na takwas shi ne a sahun farko, Alhaji ya ɗora masa ƙafa. Ya same shi a hoto goma sha ɗaya cikin sha takwas. Da idonsa ya saba sai ya fara gane 'yan uwansa: wani mai tabon tsatsa kamar tafin hannu, wani da fentinsa ya zuba. Lambobin jikinsu kam sun bambanta a kowane hoto, an rubuta su tsaf da hannu mai kyau. Wanda ya yi aikin ya kula da lamba ƙwarai, don a duniyarsa lamba ake dubawa.

Hachimou ya koma benci ya zauna. Ya san wannan wasan. Ya taɓa ganin dillalin da ya zagaya da shanu talatin ta bayan shinge sau uku, ya nuna wa baƙo casa'in. Bai dai taɓa zaton za a yi shi da ƙarfe ba, a kan ruwan shan mutane.

Da aka shigar da shi, Alhaji bai ce ya zauna ba. Ƙato ne mai taushin murya, turarensa ya cika ɗakin. Ya ce ya ji labarin Hachimou, ya ji daɗi da aka samu mai taimakawa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Abdoul Karim, yaron da ya ɗauka kamar jininsa. Ya ce gobe zai roƙi wakilan banki su ɗaga gwajin wata shida, su ƙara ɗan abin da za a cike giɓin, su sa shinge da ƙarin masu gadi, don mutanenmu sai a hankali. In Hachimou zai zo ya faɗa musu da bakinsa cewa sawun amalanke ya kai ruga, zai ji daɗi. Ya turo ambulan a kan tebur.

"Zan zo, ranka ya daɗe. Hotunan nan na waje, za a kai su?"

"Au, sun burge ka? Ai dole. Su ga aikin da aka yi kafin a ɓata."

Hachimou ya isar da saƙon Abdoul Karim kamar yadda ya yi alkawari. Alhaji ya girgiza kai cikin jimami, ya ce shi ya yafe, amma doka ba ta hannunsa. Hachimou ya fita ya bar ambulan ɗin a inda yake. Alhaji ya zaci ƙauyanci ne, ya sa aka bi shi da shi har bakin titi, Hachimou ya ce wa ɗan aiken ya riƙe masa sai gobe.

*

Rumfar da aka kafa don bikin sakin ruwa ita aka yi zaman jaje a cikinta, daidai gindin ɗorawa, ramin yana gefe. An jera hotunan a kan tebur mai farin ƙyalle. Komiser, shugaban 'yan sanda, yana nan da hularsa a cinya. Hajiya Azumi ta zo kallo da kujerarta. Dattijon ruga yana can baya, Hachimou ne ya ce ya zo. Rabiatou tana tsaye a rana, ta ƙi zama.

Bankin ya aiko wani baƙo da zafi ya dame shi fiye da komai, tare da sabuwar wakiliyarsu ta nan ƙasar, Madam Khalida, 'yar unguwar Titirou ce a Parakou, tana jin Hausa. Wanda ta gada shi ne mai sa hannu a takardun. An ce bai taɓa wuce otal ɗinsa na Parakou ba, can ake kai masa hotuna da gasasshen zabo. Ita ce ta nace sai an saki ruwa an gani, shi ya sa Alhaji yake mata murmushi fiye da kowa.

Adnan ya yi bayani da Faransanci, da takardu, da sanda mai nuni. Alhaji ya yi nasa, har muryarsa ta yi rawa wajen ambaton amana. Sannan ya ce ga mashahurin mai bin sawu, zai faɗi inda ɓarayi suka bi.

Hachimou ya fito ya tsaya. Ya ce amalanke ya zo wayam ya koma wayam, ga mai shi can, ga kuma wanda ya ba shi jaka biyar yana riƙe da sanda. Ya ce mutum ashirin suka haƙa ramin da takalmin kamfani, babu mai ɗingishi a cikinsu. Adnan ya yi dariya ta hanci, ya ce wa Madam Khalida da Faransanci ba za a tsaya sauraron makiyayi a kan aikin injiniya ba. Ta amsa masa da Hausa cewa ita tana saurare.

Hachimou ya roƙe ta ta sauko cikin ramin. Ta cire takalminta mai tsini ta sauka. Ya nuna mata leɓen bututun, ya ce ta sa yatsa a yankan ta ji, ta dubi ƙujewar. Suka hau, ya kai ta tebur. Ya ɗora yatsa a hoto na uku, sannan na biyar, sannan na takwas. Daga nan ta fara samo shi da kanta a na tara da na sha biyu.

"Madam, in ka ga saniya ɗaya a garke goma sha ɗaya, ba garke goma sha ɗaya ka gani ba. Bututun Alhaji ba su wuce arba'in ba. A shimfiɗa su, a wanke, a yi hoto, a ɗaga, a rufe rami, a kora su gaba. Nan ne zangonsu na ƙarshe, ashirin ta can, ashirin ta nan, aka bar tsakiya don ranar da za a ce a saki ruwa. Ba a saci goma ba. Ba a taɓa sa su ba."

Adnan ya ce lambobi sun bambanta, kowa yana iya dubawa, kowane bututu da lambarsa a rajista. Ya faɗa sau biyu, na biyun da ƙarfi. Hachimou bai ko kalle shi ba. Ya ce wa Madam Khalida ta zaɓi duk inda ta ga dama a kilomita sha takwas ɗin nan, a ba manomi fartanya.

Alhaji ya miƙe. Ya ce wannan cin mutunci ne, shi da ya gina masallatai biyu ba zai tsaya wani mai bin kashin shanu ya tozarta shi ba, kuma haƙa layin gwamnati ba tare da izini ba laifi ne. Komiser ya dubi Alhaji, ya dubi baƙon banki da ya daina fifita, ya auna inda iska ta fi ƙarfi, ya ce a ganinsa babu laifi a duba.

Madam Khalida ta yi taku ɗari uku daga rumfar ta tsaya. Manoma biyu suka haƙa har ƙirji. Ta shiga mota aka koma kilomita huɗu baya, jama'a na biye a kan babura, aka sake haƙawa. Aka yi na uku kusa da Djougou. Ko'ina ƙasa ce a kan ƙasa.

Da aka dawo rumfa Alhaji ba ya nan. An ce jininsa ne ya hau, direba ya wuce da shi asibiti, kuma asibitin da ya dace da irin jininsa sai Cotonou. Adnan aka bari da sandarsa. Shi aka sa a bayan mota, yana ta cewa a kira baffansa. Mutanen da suka rantse Fulani ne suka ce su dama tun farko sun san aikin nan akwai lauje cikin naɗi. Baƙon banki ya tambaya a fassara masa, aka fassara, ya rubuta wani abu. Wani tsoho ya tambayi Madam Khalida ko tunda babu bututu babu bashi. Ta sunkuyar da kai ta ce kuɗin an riga an karɓa da sunan ƙasa.

*

Ranar Juma'a da hantsi aka saki Abdoul Karim. Rabiatou ta kawo masa riga, ta rungume shi tana kuka, shi kuwa ya tsaya kamar itace. Labari ya riga ya shiga har inda yake. A bakin ƙofa wani ɗan zemijan ya ɗaga murya ya ce ga mai gadin iska nan ya fito, 'yan uwansa suka kwashe da dariya. Jiya ɓarawo ne, yau abin dariya, kuma bakin ɗaya ne.

Abdoul Karim ya dubi Hachimou, wanda ya rako Rabiatou. "Duka layin?"

"Duka, in ban da arba'in ɗin nan."

"Ke nan tun ranar da ya kira ni ya san ranar da za a kama ni."

Hachimou ya so ya ce wani abu mai sanyi, ya duba bai saba ajiye irinsa ba. Ya ce, "Ya sani."

Abdoul Karim bai yarda a wuce gida ba. Ya ce a kai shi kilomita ta tara. Rabiatou ta fara faɗa, Hachimou ya ɗaga mata hannu, suka ɗauki babura biyu. Akwai wata kaɗanya a wurin, da dutse a gindinta da ya yi santsi don zama. A nan yake cin abincinsa kullum, a nan yake sallar azahar. Ya ari fartanya a gonar da ke kusa, ya tuɓe sabuwar rigar, ya fara haƙa.

Ba su hana shi ba. Ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, yana jan ƙafar hagu a cikin ramin. Ya kai inda ya kamata a ji ƙarfe, ya ci gaba. Ya wuce ƙasar da aka taɓa tonawa ya shiga tsandauri, fartanya tana tsalle, bai daina ba sai da tafin hannunsa ya fashe. Ana jin kiran sallar Juma'a daga wani ƙauye can nesa. Sannan ya jingina da bangon ramin yana haki, kansa kawai ake gani.

"Yaya, wata goma sha huɗu ban bar ko akuya ta taka wajen nan ba. Mai gonar nan ya yi kunyar doya bakwai a kan layi, na rushe su da ƙafata yana kallo. Na ce masa ruwan jikokinsa ne a ƙasa."

Rabiatou ta juya baya ta rufe fuska da gyale. Hachimou, wanda ya shekara talatin yana raina ɓarayi da waɗanda aka yi wa sata baki ɗaya, ya duba cikin ramin ya rasa abin rainawa. Ya miƙa hannu ya jawo shi sama, ya karɓi fartanyar.

Abdoul Karim ya tsaya yana kallon gonar. Mai ita yana can tsakiyar kunyoyi, ya daina aiki yana kallonsu. Abdoul Karim ya goge jinin hannunsa a wando, ya cire takalmin kamfani ya ajiye a kan dutsen, ya nufi mutumin ba takalmi. Hachimou ya fara mayar da ƙasa cikin ramin.